Mai Tsaron Bayan Karimu

Ƙarfe huɗu na yamma likita ya sake fitowa, ya maimaita abin da ya faɗa da safe: Karimu da inji yake numfashi, ƙashin bayansa ya taɓu, sai dai a jira. Zuweira ta gyaɗa kai. Kwana biyu ke nan tana gyaɗa kai a barandar wannan asibiti na Birmingham, inda jirgi mai saukar ungulu ya kawo mijinta daga filin tseren motoci.

Kusa da ita Mma Salimatu ce, mahaifiyarsa, wadda ƙanensa Toufik ya tuƙo tun daga unguwarsu ta Old Trafford a Manchester. Tsohuwar ko ruwa ta ƙi sha, carbi kawai take ja kamar za ta tsinka shi. Tun da aka kawo Zuweira gidan, Mma ba ta taɓa kiranta suruka ba, sai dai 'yata. Yanzu ma hannunta ɗaya na kan cinyar Zuweira.

Shi Karimu direban bas ne a Manchester, Litinin zuwa Juma'a. Amma da Asabar ta kewayo, sai ya tattara kayan nan nasa masu ruwan lemu, su shiga motarsu mai gado a baya, shi da Zuweira, su bi filayen tsere gari-gari. Marshal ake ce musu, masu tsayawa bakin hanya da tuta suna gargaɗin direbobi. Ko sisi ba a biyansu fa! Shekara goma sha ɗaya yana wannan hauka, in ji Mma, cikin ruwa da iska, motoci na ta kewayawa awa shida, awa goma sha biyu, wani lokaci kwana da yini.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Bibbiyu ake tsayawa, fuska da fuska. Mai rawayar tuta yakan juya wa motocin da ke tahowa baya, don shi nasa shi ne duba abin da ya same su bayan sun wuce. Mai shuɗiyar tuta shi ke kallon masu tahowa ta saman kafaɗar abokinsa. In ya hango mota ta ƙwace, ko wani ƙarfe ya taso sama, sai ya damƙi abokin su zube ƙasa tare. Shi mai shuɗiyar ba ya waiwaye, ko me ya ji.

Ranar Asabar ɗin, a awa ta biyar cikin shida, rawayar tana hannun Karimu. Wata mota ta wuce tana feshin wuta ta baya, sai mai shuɗiyar tuta ya bi ta da ido. Daƙiƙa biyu, wallahi bai fi ba. A cikinsu tayar wata motar ta cire, ta daki shinge, ta tsallake, ta sami Karimu a gadon baya.

"Wane ne shi?" Karo na nawa ke nan Mma na tambaya. "Wanda ya kau da kan nan, ɗan gidan wa ne?"

"Mma, sun ce ana investigation," in ji Toufik. "Ba za su ba da suna ba sai report ya fito."

"Ke fa, 'yata? Ai kina wurin."

"Ina wurin, Mma."

"Kuma ba ki gan shi ba?"

Zuweira ta zuba wa tafin hannunta ido. Toufik ne ya amsa mata. "Haba Mma, ki ƙyale ta ta ji da abin da ke damunta. Ita da ke can car park tana fama da tukunya, me za ta gani?"

Haka kowa ya ɗauka a Old Trafford, cewa girki ke kai Zuweira filin tsere. Babu wanda ya taɓa tambayarta.

Can sai ga Chloe, shugabar su Karimu a wurin aikin, ɗauke da jakarsa. Ta gaida Mma, sannan ta rungume Zuweira, ta daɗe ba ta sake ta ba. Da Toufik ya fassara wa Chloe tambayar Mma, sai fuskarta ta yi ja. Ta ce ba ta da ikon faɗa, kuma kuskure ne da kowa zai iya yi in ya tsaya awa biyar a rana.

"Kowa?" Mma ta miƙe. "Gaya mata ɗana ba kowa ba ne!"

Chloe ta ce wa Zuweira a hankali za ta kira ta ranar Laraba, ta fita da sauri.

Tsoro biyu ke cin Zuweira. Na farko kada Karimu ya tafi. Na biyun kuwa ko a zuci ba ta iya tsayawa ta dube shi. Ba abin da za ta iya yi wa ko ɗaya, sai zama.

Da nas ta ce mutum biyu su shiga, Mma ta ja hannunta. Ga Karimu nan kwance, ƙaton mutumin nan mai dariya kamar ganga, roba a baki, ƙirji na hawa da sauka bisa umarnin inji. Mma ta taɓa ƙafarsa. Ko motsi.

Sai ta ɗaga hannuwa sama. "Ya Allah, ɗana ya ba mutum amanar bayansa, ya ci. Ni ban san shi ba, kai ka san shi. Kada ka ba shi barci. Kada ka ba shi farin ciki a gidansa. Ya ɗanɗani abin da nake ɗanɗana, ya fi haka. Ban yafe ba, duniya da lahira!"

Mma ta juyo, hawaye har haɓa.

"'Yata, ban ji kin ce amin ba."

"Amin," in ji Zuweira, wadda shuɗiyar tutar ke hannunta ranar Asabar.