Ɗakin Wa Za a Shimfiɗa wa Katako?

Karo na uku ke nan Jamaluddeen yana baje guntayen katakon daɓe a zauren gidan su Hamdiyya a Bagudo. Daga Kwatano ya shigo da su ta kan iyakar Illo, saboda gidan gadonsa da yake gyarawa.

"Ga mai duhu mai sheƙi, ga mai haske marar sheƙi," ya ce. "Kafinta ya ce ba su son ruwa, gogewa kawai ake yi. Wanne ya yi miki?"

Hamdiyya ta daɗe tana kallonsa. Ita ta zaɓa masa fenti, ita ta zaɓi tagogi, amma har yau ko kawunsa ɗaya bai tako gidan nan neman aurenta ba.

"Ɗakin wa ne, Malam Jamalu?"

Ya sosa ƙeya. "Ke ma kin sani."

"Ban sani ba. Baba ma bai sani ba. Jiya ya tambayi Inna ko na koma kafinta ne."

"So nake in gama gidan tukuna."

"To, ka gama. Wadda za ta riƙa duƙawa tana gogewa, ita ke zaɓe. Ni ba a ce mini ni ce ba."

Ta miƙe za ta shige gida, sai ta taka mai duhun da gangan. Sawun ƙafarta ya fito raɗau a kan sheƙin.

"Ko wace ce, kada ka shimfiɗa mata wanga. Wahalar jiranka ma ta ishe ta."