Farar Riga a Bakin Zuga-zugi

Shekara biyu da samun mulkin kai, baƙi sukan taso tun daga Zariya don ganin tsofaffin murahun narka ƙarfe na Tudun Tama, kusa da Ikara, waɗanda maƙeran garin suka yi wa rumfa don kada ruwan sama ya cinye su. Ran nan Uwaisu, malamin makaranta, ya zo da baffansa Malam Auwalu, wai kallo. Lantana, 'yar Sarkin Maƙera, ta san ba kallo ne ya kawo su ba.

Ta durƙusa ta ajiye musu ruwa a bakin maƙerar mahaifinta. Dattijon ya dubi tulin gawayi, ya taɓe baki. "Uwaisu, gidanmu gidan alƙalami ne. Cikin toka za ka nemo mana aure?"

Maganar ta soki Lantana har zuci, amma ba ta ɗaga kai ba. "Allah ya gafarta Malam, wuƙar da ake feƙe alƙalamin ma a nan aka ƙera ta." Ta saci kallon Uwaisu. "Mu kuma a gidanmu, wanda bai zuga wa Baba wuta ba, ba a ba shi 'ya."

Uwaisu ya dubi farar rigarsa, ya dubi baffansa. Can sai ya tuɓe takalmi, ya zauna dirshan cikin toka, ya kama zuga-zugi.

"Kai, rigarka!" in ji dattijon.

"Tana wankuwa, Baffa."

Sarkin Maƙera ya tura ƙarfe cikin wutar. Lantana ta miƙe a natse, sai da ta shige zaure ta saki murmushin da ta danne.