Fatar da Allura Ta Kasa Hudawa

Allura ta goma sha ɗaya ce ta karye a damtsen wani mai sayar da turare. Nas ta wurga ta cikin kwandon shara, ta ce a kira likita, ita kam ta gaji.

Likita ya zo ya danna cikin, mutumin ya kurma ihu. Hoto ya nuna hanji ne ya murɗe. Aikin minti arba'in ne, in ji likita, in an yi shi yau. In ba a yi ba, kada a auna tukunyar jibi da shi. Ya gwada wuƙar tiyata a bayan hannun mutumin don ya ga abin da nas ke faɗa. Bakin wuƙar ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani.

Duk wanda ya ga mai turare zai ba shi shekara arba'in. Shekarunsa ɗari biyu da goma sha tara. Bayan kowace shekara talatin sai ya kwashe kwalabensa ya sake gari, kafin maƙwabta su fara lura ba ya tsufa. Ya sha maganin ƙarfe tun ana yaƙi da takobi. Ya ɗaure bakin wuta, guba kuwa ko zawo ba ta sa shi. Ya toshe duk ƙofar da maƙiyi zai shigo. Bai taɓa kawowa a ransa cewa cikinsa ne zai ci amanarsa ba, balle ya yi tunanin wata rana mai wuƙa zai zo don ya cece shi. Wayon banza ke nan.

Mai jinyarsa tsohuwa ce tukuf, baya ya ranƙwafa, haƙora huɗu, ido ya yi yana. Nas-nas suna ce mata Mama, suna ƙus-ƙus cewa haihuwar ɗa irin wannan ai gara ɓari. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta gyara musu ba.

"Ke! Ruwa! Kurma ce ke?"

Sai ta durƙusa ta miƙa masa kofi da hannu biyu, ta koma kan kujerar roba tana latsa waya da saurin da ke ba nas-nas dariya.

Likita na fita, mai turare ya finciko ta da wuyan riga.

"Je ki ɗauko mini yarinyar daga makaranta."

Yarinyar shekararta shida, ajinta ɗaya, kuma jininsa ce. Shekaru dai ba a tsintarsu a ƙasa. Daga jikin wani ake zaro su, kuma sai wanda kuka haɗa jini. In ya riƙe tsintsiyar hannun mutum, ya karanta abin da zai karanta, shi ke nan. Shekara ashirin daga cikin na yarinyar za su tura ciwon gaba ko da na wata guda ne.

"Ba ta nan," in ji tsohuwa. "Tun jiya na sa ta a mota da ubanta. Ko ni ban san inda za su sauka ba. Da gangan na ƙi tambaya."

Ya ɗaga hannu zai mare ta, ciwo ya naɗe shi kamar tabarma.

Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, ciki ya kumbura kamar ganga, muryar nan ta sauko ƙasa. Akwai wani tulu binne a ƙarƙashin dakalin shagonsa, shi ne uwar maganin ƙarfen. In an fasa shi fata ta koma irin ta mutane, likita ya yi aikinsa. Amma daga ranar ko reza za ta iya cinsa. Shekara ɗari biyu bai gaya wa kowa inda yake ajiye shi ba. Yau ya gaya mata yana nishi, ya maimaita har sau uku, ya danƙa mata makulli.

"Yi sauri. Ki tuna wanda ya ci da ke."

"Ina tune," ta ce.

Ta fita tana dogara sanda. Awa ɗaya, awa biyu. Idonsa na kan ƙofa, bakinsa na zagin nas, na zagin fanka, na zagin mai tari a gadon kusa. Ya rantse wa likita fatarsa za ta yi laushi kafin la'asar. Likita ya sa a shirya ɗakin tiyata. Bayan abin da ya gani da idonsa, ina bakin musu?

Ta dawo ƙafafunta furu-furu. Ta zauna, ta huta, ta shanye ruwan da aka ajiye masa.

"Kin fasa?"

"Na samu tulun inda ka ce. Lafiyarsa ƙalau." Ta goge baki da gefen mayafi. "Na kira magina. Buhu shida na siminti suka zuba a kai, har da rodi. Ban taho ba sai da ya fara kamawa."

Ya tsine mata. Ya tsine wa ranar da aka haife ta. Da tsinuwa ta ƙare ya koma roƙo, yana alkawuran da ko shi bai yarda da su ba. Ta tashi ta gyara masa filo.

"Kwanta. Ka sha zama a bakin gadon mutane kana jira su cika. Yanzu sai ka ga yadda abin yake daga kwance."

Kwana biyu ya yi yana kallo. Ya cika da hantsin Laraba, mai shara na goge ƙarƙashin gadonsa. Ba tsawa, ba guguwa, ko fitila ba ta ɗauke ba. Wari kawai.

A ofishin karɓar gawa ma'aikaci ya sassauta murya. "Mama, sai haƙuri. Uwa ta binne ɗanta, abin da ciwo. Ba ni katin shaidarki."

Ta miƙa. Ya dubi hoton, ya dubi fuskarta, ya dubi shekarar haihuwa, ya yi ɗan murmushi ya ce ai katin jikarta ta ɗauko.

"Nawa ne, bara waccan aka ɗauke ni hoton," ta ce. "Rubuta: 'yarsa, shekara ashirin da bakwai."