Jan Ƙyalle a Mayafin Iya

Ina 'yar shekara tara, shekarar da mahaifiyata ta rasu, kakata Iya tana haɗa mayafi da ƙyallayen tsofaffin zannuwa a ƙauyenmu, kusa da Bunkure. Tsarin da ta gada ɗaya ne: baƙi, fari, baƙi, fari, ba a sa wani launi.

Ran nan ta tashi sallar la'asar, sai na yanki jan ɗankwalin mahaifiyata na ɗinke a tsakiya. Da na ji ta sallame, ba duka nake tsoro ba, tsorona kada ta farke shi.

Iya ta ɗaga mayafin, ta kai jan ƙyallen hancinta. Har lokacin yana ƙamshin turaren mai shi. Ta shafa ɗinkin da yatsa.

"Ke ja'ira, ja guda ɗaya ai kuskure ne," in ji ta. "Kawo sauran mu sa a kusurwa huɗu, ya zama da gangan."

Sai a lokacin numfashina ya dawo.

Da mayafin nan na lulluɓe maigidana a jinyarsa ta ƙarshe. Yanzu in kuka ya taso mini, shi nake jawowa in kifa fuskata a kan jan nan, har raina ya yi sanyi.