Likitar Gida

Ana tsakiyar girkin rana ta sanar da su cewa za ta bar jami'arsu ta Saida ta koma wata a Beirut.

"Ɗaliban can aka fi ɗauka karatun likita. In na zauna nan, na rasa."

Uwarta ta fara hawaye. Ubanta ya ce sai dai bayan ransa. Kakarta kuwa ta ci gaba da yankan albasa, har wuƙar ta zame ta tsaga mata yatsa.

"Zo duba min, likita."

Ta leƙa, ta ga jini, ta sulale ƙasa.

Da ta farfaɗo, tsohuwar na yi mata fifita da hannun da ta ɗaure da kanta.

"Ni kam, ja'ira, jinin mutanen Beirut ɗin fari ne?"