Hanyar da Ba a Auna Ba

Ka ce mini ka tura wa tsohuwarka kuɗi ta waya, don haka ba sai ka je gida wannan watan ba. To, gyara zama ka ji wani misali. Ni tawa ta rasu bara, Allah Ya ji ƙanta, shi ya sa ba na jin irin wannan magana in yi shiru.

An yi wani soja, sajan ne, bai samu ɗaki a bariki ba, sai ya kama haya a cikin gari, kullum yana zuwa aiki a kan babur. Hanya biyu ce daga gidansa zuwa bariki. Akwai ta kwalta, miƙaƙƙiya, kafin shayi ya huce ka kai. Akwai kuma ta burji, mai zagayawa ta ƙauyen da gwaggonsa take, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ta burjin yake bi. Tsohuwar idonta ya tafi, amma kunnenta yana nan garau. Da ta jiyo ƙarar babur daga bakin rafi, sai ta lalubi sandarta, ta bi bango ta fito ƙofar gida. Shi kuma ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya gaishe ta, ta yi masa faɗa wai ya rame, alhali ba ganinsa take yi ba, ya yi dariya ya wuce.

Ana nan sai hukuma ta ce, saboda tsadar mai, za a rage wa sojoji haraji gwargwadon nisan da suke yi daga gida zuwa aiki. Da aka zo awo, miƙaƙƙiyar hanya aka auna. Zagaye kuwa aka ce wannan ruwan mai shi ne. Sajan ya yi tunani irin na masu hankali: in ya koma kwalta, ga ragin haraji, ga man da zai saura a tanki, sai ya haɗa ya riƙa aika wa gwaggo ta sha shayi da madara. Haka kuwa ya yi. Saƙo ya riƙa zuwa a kan kari, gwangwanayen madara suka taru a bayan gado. Amma tsohuwa ta daina fitowa, tunda babu ƙarar da za ta tashe ta. Ƙafar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta daɗewa take sandarewa. Kafin damina ta fita, ko bayan gida sai an riƙe ta, tuwo ma sai an yi ta lallashi take kai loma biyu.

Da labari ya iske shi, washegari ya karya kan babur ya bi burji. Ya tsaya a ƙofar gida, bai shiga ba, bai kuma kashe babur ɗin ba. Aka daɗe, har ya fara tsorata. Can sai ya ji sanda tana taɓa bango, a hankali, ana tafe ana hutawa. Da ta iso ta dafa ƙyaure ta ce, "Wane ne? In mai karɓar haraji ne, ba kowa a gidan." Ya ce, "Gwaggo, ni ne. Saƙona bai zo ba?" Ta ce, "Ya zo, ɗan nan. Sai dai kuɗinka ba su da tarbiyya, ba su iya gaisuwa ba."

Daga ranar bai sake bin kwalta ba. Hukuma tana rage masa na gajeriyar hanya, shi yana biyan doguwar daga aljihunsa, tsohuwa kuma ta ci gaba da takowa da kanta har ƙarshen kwananta. Ba banza ba magabata suka ce zumunta a ƙafa take.