Jawabin Malamin Gona

Babu makarantar koyon jawabi kamar shafukan 'yan takara na intanet. A can wani malamin gona, wanda bai saba magana gaban jama'a ba, ya koyo murmushi da buɗe hannu.

Ya tsaya gaban manoman bakin kogin Wudil, ya sanar cikin murmushi cewa ambaliya na tafe, a kwashe hatsi daga fadama. Aka tafa masa.

"Yaron nan ya iya," in ji dagaci. "Kansila kake nema?"

Malamin gona ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ruwa ne."

"Duk haka 'yan takara suke rantsuwa."

Ba wanda ya kwashe hatsi, ambaliya kuwa ta zo. Da ruwan ya janye, wata tsohuwa ta durƙusa cikin laka tana tsintar geronta.